Akuyar Da Ba Ta Da Makiyayi

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, kullum ana zargin awakinmu da jawo hamada. To, mu dubi ƙasar Ostireliya. Turawa suka kai awaki can a 1788, daga baya wasu suka shiga daji, suka yi ta hayayyafa babu mai kiwo. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama ta nuna sun tashi daga miliyan 1.4 a 1997 zuwa miliyan 4.1 a 2008, akasarinsu a busassun filayen jihar New South Wales.

Me ya jawo haka? Rijiyoyi da tafkunan da aka haƙa wa tumaki, da kuma kashe karnukan dajin da ke cin awakin. Ruwa na nan rani da damina, awaki ba sa gusawa, sai su cinye tsiro tun yana ƙarami.

Mu kuwa muna tashi da garke mu bar ƙasa ta huta. Saboda haka muna kira ga hukuma: a buɗe mana burtali, kuma kada a haƙa rijiya a makiyaya sai an shawarce mu.