Kafin mu sayi reshon kuran na gwanjo

Bukukuwa sun matso, mun ga wasunmu na cin bashin asusu su sayo wa ɗiya tsohon reshon kuran a kasuwar Maradi. To, mu kifa shi tukuna mu karanta gindinsa. In 220V aka rubuta, namu ne. 110V kuwa na Amurka ne, ana sa shi ya ƙone. Mai waya naɗe kamar gammo ya fi saurin zafi, amma miya ta zuba ciki, sai wahala. Mu dai mun fi son mai faifan baƙin ƙarfe, duk da nawarsa. Mu kuma tambaya: gidan angon akwai kuran? A wata ƙungiyarmu ta Gazawa, resho ya zama mazaunin kwanoni, bashin kuwa ana nan ana biya.