TUN RAN GINI, RAN ZANE

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu masu karatun aikin jinya, ga shi zangon da za mu shiga darasin kula da yara da na masu taɓin hankali ya ƙarato. Abin da muke ji a ɗakunan kwana iri biyu ne. Wasu na cewa darasin yara ai sauƙi gare shi, tunda kowa ya yi renon ƙane. Wasu kuwa da an ambaci zuwa Asibitin Tarayya na Masu Taɓin Hankali da ke Kware sai su fashe da dariya, alhali tsoro ne suke ɓoyewa. A ganinmu duka biyun kuskure ne, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren nan ba ya cikin ajinmu. Yana can Rara, ko Wurno, ko Goronyo, goye a bayan uwarsa.

Mu fara da yara. Yaro ba ƙaramin babba ba ne, watau ba a raba maganin babba biyu a ce an sami nasa. Da nauyinsa ake awo. Idan ƙa'idar farasitamol miligiram 15 ce ga kowane kilo, to yaro mai kilo 8 zai sha miligiram 120. Wanda ya kauce da sifiri guda ya ninka maganin sau goma. Saboda haka shirin farko shi ne mu koma ga lissafin da muka raina a sakandare. Na biyu, mu horar da ido da hannu. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti guda, ana zargin ciwon huhu gare shi. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, tamowa mai tsanani ta kama shi. Waɗannan abubuwa ba sa bukatar na'ura, agogo da ɗan tsiri na awo sun isa. A ƙasarmu ta fadamar Rima, inda damina ke zuwa da sauro kuma rumbu ke yin ƙasa kafin kaka, su ne aikin yau da kullum. Asibitin Yara na Noma da aka buɗe a Sakkwato a 1999 shaida ne ga abin da yunwa da baƙon dauro da rashin tsabtar baki ke yi wa fuskar yaro idan ba a farga da wuri ba.

Sai batun taɓin hankali. A nan abin da ya kamata mu fara gyarawa shi ne bakinmu. Wanda ya saba cewa "mahaukaci" cikin raha, ba zai iya zama gaban majinyaci ya saurare shi ba. Tun 1958 ƙasar nan take aiki da tsohuwar dokar mahaukata, wadda ta fi damuwa da tsare mutum bisa ga warkar da shi, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci. Lalle ne kowannenmu ya karanta ta kafin ya taka Kware. Amma doka ba ta kwance mari daga ƙafar wanda aka ɗaure a zaure. Mutum ne zai je ya yi magana da dangi har su yarda.

Bugu da ƙari, darussan nan biyu a takarda ne kawai suke rabe. Uwar da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, ko baƙin ciki ya danne ta har ta kasa shayarwa, jaririnta ne zai zo mana a rame. Yaro mai farfaɗiya ana ce masa mai iska, a cire shi daga makaranta, alhali akwai ƙwayoyin da ke tsayar da faɗuwar. Ga kuma yaran da suka tsere daga Tabanni zuwa Gandi a 2018, da waɗanda suka rasa iyaye a harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Wane darasi ne nasu, na yara ko na ƙwaƙwalwa?

Wani zai ce jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma daga littafi take fitowa, ba daga ƙauye ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ajiye littafi ba. Sai dai littafin da Turanci yake, uwa kuwa da Hausa ko Fillanci za ta ce yaro yana "taune-taune", ko "maɗigarsa ta faɗa". Wanda bai san cewa faɗawar maɗiga alamar ƙarewar ruwa a jiki ce ba, ilminsa ya tsaya a bakin ƙofa. Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Mu ma bai kamata mu ɗauki malaman garinmu abokan gaba ba, domin wurinsu ake fara kai marar lafiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Shawararmu ita ce, a hutun nan kowa ya nemi izini ya yi ko da mako biyu a ƙaramin asibitin garinsu, inda hanya ta yi lafiya. Ya auna yara, ya ƙirga numfashi, ya rubuta kalmomin da iyaye mata ke faɗi. In mun dawo, muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ba mu zaure mu haɗa su wuri guda, domin na baya su amfana.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma sa hannunmu ya zama sanadin sauƙi. Amin.