Daga Bagega zuwa Gwashi: wa ya kamata kyamarar masu taimako ta haska?

Duk mai riƙe da waya a Arewa ya san irin hoton: buhunan shinkafa a jere, ƙyalle mai sunan gidauniya a rataye, ga zawarawa da marayu an tsayar a rana, kowa rungume da ƙunshinsa yana kallon ƙasa. A ƙarƙashi kuma an rubuta lambar asusu. Irin waɗannan hotuna sun yawaita daga yammacin Zamfara tun da rashin tsaro ya raba jama'a da ƙauyukansu a Anka da Bukkuyum, ambaliyar 2024 kuma ta rushe gidaje a Gummi. Ba ma zargin niyyar kowa, domin zukata na hannun Mai su. Tambayarmu ita ce ko wannan ce hanyar da ta dace ƙungiyoyin agaji na Musulmi su bi wajen tallata aikinsu.

Wannan yanki ya taɓa ganin wata hanya dabam. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Masu neman zinariya na kai duwatsu gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar mai dalma na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a. Likitoci ba su iya soma magani a can ba, saboda yaron da aka cire wa guba daga jini in ya koma kan gurɓatacciyar ƙasa, aikin ya zama na baban giwa. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, sannan aka ji shiru, yara kimanin 1,500 na jira.

Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa shirin Follow The Money, wato bin sawun kuɗi, suka yi ta yayata batun Bagega a Twitter. A watan Disamba ƙungiyar Human Rights Watch da abokan aikinta na gida suka nemi jama'a su je shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan su tambaye shi ina kuɗin. Kafin Janairun 2013 ya fita an saki kuɗin, a cikin shekarar aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka soma yi wa yara magani. Ba mu ce waya kaɗai ta yi wannan ba, domin likitoci da 'yan jarida da wasu 'yan majalisa duk sun yi nasu. Abin lura shi ne inda aka dosa da maganar. Akwai adadi sananne, akwai wanda ya ɗauki alkawari, akwai aikin da za a iya zuwa a gani ko an yi. Wanda aka tsayar a gaban jama'a shi ne mai riƙe da amana.

Yau yawancin shafukanmu sun juya lamarin: mabuƙaci ake haskawa, littafin lissafi kuma yana cikin duhu.

Kada a ɗauka muna cewa neman taimako a bainar jama'a laifi ne. Imam Muslim ya ruwaito daga Jarir bin Abdullahi yadda wasu mutanen Mudar suka iso Madina cikin tsumma, ba takalma, har fuskar Manzon Allah (SAW) ta sauya don tausayi. Ya yi salla da jama'a, ya tashi ya kwaɗaitar da su sadaka, har abinci da tufafi suka taru tsibi biyu. Suratul Baƙara, aya ta 271, ta yaba wa sadakar da aka bayyana, ta kuma fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta. Saboda haka malamai da dama suka bambanta: bayyanawa na da kyau in za ta sa wasu su yi koyi, amma wurin miƙa wa mutum a hannu sirri ya fi, don kare mutuncinsa. Aya ta 264 kuwa ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa na ɓata sadaka. Gorin baki a kan yi shi sau ɗaya ya wuce. Bidiyon da aka ɗora a TikTok yana nan, kuma marainiyar da aka nuna tana karɓar kwano za ta girma, ta shiga makaranta, a zo neman aurenta.

Wasu kan ce ai an nemi izini. Wane irin izini ne mai yunwa zai hana wanda ke riƙe da buhu? Balle matar da ke wani ƙauye kusa da Gwashi, wadda wataƙila ba za ta taɓa ganin inda hotonta ya je ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Ko a yau ma akwai wuraren da sai an nemi tudu kafin kira ya shiga.

A wannan yanki akwai kuma abin da ya fi kunya nauyi. Kowa ya san 'yan bindiga na riƙe da wayoyi, wasunsu har bidiyo suke ɗorawa. Wanda ya sanar da duniya cewa yau an sauke buhu kaza a gari kaza, ga fuskar mai garin, ga ɗakin ajiyar, bai san wa ke kallo ba. Jinkirta sanarwa da sakaya sunan ƙauye a nan kare rai ne.

Idan an ɗauke kyamara daga fuskoki, me za a nuna wa masu bayarwa? Abin da suke da haƙƙin gani tun farko: nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa ne kuɗin mota da na ma'aikata, nawa ya rage. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana ware wani abu a matsayin kyautar da aka yi masa, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da hakan. Mai tara dukiyar jama'a da sunan Allah abin bincike ne, ko da Sahabi ne. Ƙungiyar da ke tara kuɗi a asusun mutum ɗaya, ta haɗa zakka da sadakar nafila a tukunya guda, alhali zakka na da mutane takwas da Suratut Tauba ta ƙayyade, tana buƙatar gyara ko da hotunanta sun kai dubu. Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi, garuruwa na da limamai da masu gari da suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Shaidarsu a rubuce ta fi hawayen da aka ɗauka da waya.

Ga ɗalibanmu da ke tafiyar da shafukan ƙungiyoyin makarantu da na masallatai, ku ne aka fi miƙa wa wayar ranar rabo. Ku ɗauki rijiyar da aka haƙa, da rufin ajin da aka gyara, da rasidin ɗan kasuwa. Ga magidanta kuma, kafin a tura kuɗi ko a watsa saƙon neman taimako a WhatsApp, a buɗe shafin ƙungiyar a koma baya zuwa azumin bara, a duba ko ta dawo ta faɗi yadda aka kashe abin da ta tara a lokacin.