Sharhi: Tallar da ba a nema ba na neman shaƙe gurup ɗin 'yan albasa

Duk wanda ke cikin gurup ɗin WhatsApp na manoma ko 'yan kasuwar albasa a Madawa, Buza ko Keita ya san abin da zan faɗa. Ka tashi da safe kana so ka ji nawa buhu ya kwana a Sabon Gida, ko kamiyo nawa suka yi lodi a Tunfafi. Kana buɗe waya sai ka tarar da bokal sun taru: mai maganin basir, mai turaren wuta, mai fili na sayarwa, da wani da ke rantsuwa zai ninka maka kuɗi cikin sati biyu. Labarin farashin yana nan, amma sai ka tona.

Tun farko ba don haka aka buɗe waɗannan zaurukan ba. Manomin kwarin Tarka yana girbi a watan Maris da Afrilu, lokacin da albasa ta cika kasuwa kuma farashi ke ƙasa. Wanda ya iya ajiyewa a rudu har bayan damina shi ke ganin riba, in ba ta ruɓe ba. A sayar yau ko a jira? Amsar tana hannun mai labarin Abijan da na kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Akara a 2021. Da can dillali kaɗai ke da wannan labari. Gurup ne ya kawo shi har cikin garka, kuma da murya, yadda wanda bai yi lakwal ba ma zai ji.

To me ya sa talla ta mamaye? Lissafin mai sauƙi ne. Gurup ɗaya na iya ɗaukar mutum 1024, kuma mai talla ba ya biyan ko dala. Mai saurare ne ke biya, da megarsa da cajin wayarsa, a ƙauyen da rezo sai an hau tudu. Mu nan gidan rediyo, mai son sanarwa yana biya, kuma muna tambayar ko shi wane ne. A gurup babu mai tambaya.

Ni dai ban ga laifin matar da ke tallar ƙuli-ƙuli ko ɗan bidar da ya dawo da kaya yana neman mai saye ba. Kowa abinci yake nema, balle yadda rufe iyakoki a 2023 ya jijjiga kasuwa. Inda abin ke da haɗari shi ne iri da maganin feshi. Mutum zai turo hoton gwangwani ya ce irin Galmi ne na asali, ka tura kuɗi ta Nita ko Amana, ka zuba a watan Oktoba. Ba za ka gane abin da ka saya ba sai albasa ta fara kai, lokacin kuɗin mai da na taki sun riga sun tafi. Haka maganin ƙwari: akwai kwamitin ƙasashen Sahel ƙarƙashin CILSS da ke tantance wanda aka yarda da shi, amma mai talla a gurup ba ya nuna maka lambar izini, sai dai ya ce "yana kashewa nan take".

Masu ninka kuɗi kuwa, maƙwabtanmu sun riga sun ɗanɗana. MMM ta rufe asusun mutane a Najeriya cikin Disamba 2016, CBEX ta rushe a Afrilu 2025, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga aboki ko ɗan'uwa ne ya jawo su. Wannan ne ma ke ɗaure hannun shugaban gurup. Ta yaya zai fitar da ƙanen surukinsa? Gobe za su haɗu wurin suna.

Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a Yuni 2024, ta tanadi hukunci kan zamba. Sai dai yawan talla ba zamba ba ne, kuma ba kowa ne zai tashi daga Tamaske ko Karofane ya kai ƙara kan jika goma ba.

A ganina gyaran yana hannun 'yan gurup ɗin. WhatsApp na ba da damar a kulle zaure, shugabanni kaɗai su yi magana. Amma in an kulle gaba ɗaya, manomi ya rasa bakin tambaya, labari ya sake komawa hannun mutum biyu ko uku, kamar zamanin dillalai. Abin da ya fi shi ne a ware wa talla rana guda, kamar ranar kasuwa, a kuma ce duk mai sayar da iri ko magani ya faɗi sunansa da inda shagonsa yake, wani ɗan gurup ya tsaya masa. Mai shakka kan wani magani kuma ya tambayi malamin gona na kwamin ɗinsu, ko cibiyar kiran waya ta RECA da ke amsa manoma da Hausa, kafin ya tura kuɗi.

Za mu buɗe layi kan wannan batu a shirinmu na manoma. Muna so mu ji musamman daga shugabannin gurup da suka taɓa fitar da wani, da yadda suka ƙare da shi.