RA'AYINMU: Filin gaban sakatariya na wane ne?



A wannan fitowa za mu ɗauke ku zuwa birnin Boston na jihar Massachusetts a ƙasar Amurka, saboda wata shari'a da aka yi a kan sandar tuta guda ɗaya. Wani zai ce ina ruwanmu da sandar tutar Turawa alhali ga namu a gida. A yi haƙuri a biyo mu. Abin da aka shekara 5 ana ja-in-ja a kai tambaya ce da kowace ƙaramar ikkilisiya ta san zafinta: idan hukuma tana da fili, ta kuma saba ba jama'a aronsa, wa ke da ikon cewa wannan ya shiga, wancan ya koma gida, kuma bisa wace ƙa'ida?

A gaban ginin majalisar birnin Boston akwai wani makeken fili da aka shimfiɗe da jan bulo, inda ake bukukuwa da tarurruka da zanga-zanga. Kusa da ƙofar shiga akwai sandunan tuta 3, kowace tsawonta ya kai ƙafa 83. Ta farko tana ɗauke da tutar Amurka, ta biyu tutar jihar, ta uku kuwa tutar birnin. Shekara da shekaru hukumar birnin takan yarda ƙungiya ta cike fom, a sauke tutar birnin na ɗan lokaci, a ɗaga tata yayin da take bikinta a filin. Daga 2005 zuwa 2017 an yi haka sau 284, da tutoci daban-daban wajen 50. Yawancinsu na ƙasashen da mazauna birnin suka fito ne, tun daga Albaniya har Benezuwela. An kuma ɗaga ta ma'aikatan agajin gaggawa, da ta wani ƙaramin banki, da ta 'yan rajin auren jinsi. A duk tsawon shekarun nan 12 ba a taɓa mayar da ko mutum ɗaya ba.

Sai a 2017 wani mai suna Harold Shurtleff, shugaban ƙungiyar Camp Constitution, ya nemi a ba shi filin domin tunawa da gudummawar da masu bi suka bayar wajen gina birnin, limaman coci su yi jawabi, a kuma ɗaga abin da ya kira tutar Kirista, wato farar tuta mai shuɗiyar kusurwa da jan gicciye a ciki. Jami'in da ke kula da kadarorin birnin, Gregory Rooney, ya ce taro dai a yi, amma tuta a'a. Dalilinsa shi ne tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, yana tsoron kada a ga gicciye a kan sandar hukuma a ce birnin ya zaɓi ɓangare. Da aka je gaban shari'a sai ta bayyana cewa jami'in bai taɓa neman ganin tutar kowa ba kafin ya sa hannu, kuma a lokacin birnin ba shi da wata rubutacciyar ƙa'ida a kan irin tutar da ta halatta. Shi da bakinsa ya ce zanen da ke jikin tutar bai dame shi ba, sunan da aka kira ta da shi ne matsalar. Abin dariya a nan, tutar birnin kanta, wadda za a sauke domin a ɗaga ta Shurtleff, tana ɗauke da addu'a cikin harshen Latin da aka ciro daga 1 Sarakuna 8:57.

Shurtleff ya shigar da ƙara a 2018, ya sha kaye a kotun tarayya, ya sake shan kaye a kotun ɗaukaka ƙara. Ranar 2 ga Mayu 2022 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, alƙalai 9 duka bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa birnin ya yi kuskure. Mai shari'a Stephen Breyer ne ya rubuta babban hukuncin, kuma yana da kyau dattawanmu su fahimci yadda ya warware maganar. Ya ce gwamnati ma tana da baki. Idan ita ce ke magana, tana da 'yancin zaɓen abin da za ta faɗa, ba mai tilasta mata ɗaga tutar da ba ta so. Amma idan ta buɗe wuri ta ce jama'a ku zo ku faɗi naku, ba ta da ikon tsame mutum ɗaya domin nasa maganar addini ce. Saboda haka tambayar ita ce, sandar nan ta uku bakin gwamnati ce ko dandalin jama'a? Tun da birnin bai taɓa duba tuta ba, bai taɓa hana kowa ba, har fom ɗinsa yana cewa ana ƙoƙarin biyan bukatar duk mai nema, to ya riga ya sakar wa jama'a sandar da hannunsa. Breyer Bayahude ne, shugaba Clinton ne ya naɗa shi, kuma gwamnatin shugaba Biden da ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU, wadda ta sha kai ƙarar hukumomi a kan kafa alamun addini, duk bayan Shurtleff suka tsaya. An ɗaga tutar ranar 3 ga Agusta 2022, birnin kuma ya biya kuɗin lauyoyi fiye da dala miliyan 2.

Mun san da yawa cikinmu za su so a rangaɗa guɗa a nan. A dakata tukuna. 'Yan kwanaki bayan hukuncin, wata ƙungiya da ke kiran kanta Haikalin Shaiɗan, mai hedkwata a garin Salem na wannan jihar, ta aika da tata takardar neman ɗaga tuta, tana kafa hujja da wannan hukunci. Ba kuma yau aka fara ba. A 1995 Kotun Ƙolin ta ba ƙungiyar Ku Klux Klan gaskiya a kan kafa gicciye a filin gaban majalisar jihar Ohio da ke Columbus, ƙungiyar da ta yi suna wajen ƙona gicciye domin tsorata baƙar fata. Mai bi na gaskiya ba zai ji daɗin ganin wannan ba. Amma ƙofar da aka buɗe mana ita ce aka buɗe musu, kuma ikkilisiyar da ke neman ƙa'ida ɗaya ga kowa dole ta shirya ganin waɗanda ba ta ƙauna sun bi ta wannan ƙofa. Wanda ya ce a ba shi a hana wancan, ya ba jami'i wuƙa da nama ke nan, kuma gobe idan jami'in ya canja, shi ne za a fara yanka.

Birnin Boston bai zauna ba. Tun a watan Oktoba 2021 ya dakatar da karɓar takardun ɗaga tuta, a 2022 kuma majalisar birnin ta yi doka cewa daga yanzu sandunan bakin hukuma ne, ba za a ɗaga tutar kowa ba sai da ƙudurin majalisa ko sanarwar magajin gari. Breyer da kansa ya nuna musu hanya, inda ya kawo misalin birnin San Jose na jihar Kalifoniya wanda ya rubuta irin wannan ƙa'ida tun da wuri. Wasu masu bi a can sun ga kamar an ci nasara a kotu an rasa a gida. Mu dai a kan maganar sanda ba mu ga asara ba. Gicciye bai taɓa bukatar ƙarfen gwamnati kafin ya tsaya ba. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu mun fi kowa sanin cewa ranar da aka ce sakatariya za ta ɗaga tutar addini, ba tamu za a ɗaga ba. Gara sandar hukuma ta ɗauki tutar ƙasa kawai, wadda kowa ke biya wa haraji.

Maganar ƙasa, wato filin da ake tsayawa a kai, ita ce dabam, kuma ita ce ta fi damunmu. Masu rinjaye suna da filaye nasu da manyan harabobi. Ikkilisiyar da majami'arta ɗaki biyu ne a bayan gari, idan taron zumuntar mata ko na sabon rai ya zo, ko zagayen Lahadin ganyen dabino, ba ta da inda za ta sa mutum dubu sai filin hukuma. Idan aka rufe filin ga kowa da sunan adalci, mai gida bai rasa komai ba, marar gida ne ya kwana a waje.

Ba muna cewa a bar fili ba doka ba. Hukuma tana da hakkin sa lokacin tashi, ta iyakance ƙarar lasifika, ta hana tare ƙofar ofis da hanyar asibiti, ta sa a share wuri bayan taro, ta kuma ba wanda ya fara nema idan biyu sun haɗu a rana ɗaya. Duk wanda ya kwana yana hana maƙwabta barci, ko wane littafi ke hannunsa, a yi masa magana. Irin waɗannan ƙa'idodi ba su tambayar abin da za ka faɗa. Wadda muke tsoro ita ce dokar da ta bar komai ga ganin damar mutum ɗaya. A birnin Birmingham na jihar Alabama akwai irinta a 1963, wadda ta ba hukumar birni ikon hana izini idan a ganinta zaman lafiya ko tarbiyya ko jin daɗin jama'a zai taɓu. Ranar Jumma'a Mai Kyau ta wannan shekarar Fasto Fred Shuttlesworth ya fito daga majami'a da mutum 52 suna tafiya cikin natsuwa domin ƙin wariyar launin fata, ba su yi nisa ba aka kama su, aka yanke masa kwana 90 na aiki mai tsanani. Sai a 1969 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce dokar izini da ba ta da ma'auni bayyananne ba doka ba ce.

Akwai kuma dabarar kuɗi da ta tsaro, waɗanda suke tafiya tare. Wata gunduma mai suna Forsyth a jihar Jojiya ta ba jami'inta ikon yanka wa masu taro kuɗi har dala 1,000 a rana, gwargwadon 'yan sandan da yake ganin za a bukata. A 1992 kotun ta soke wannan, domin ma'anarsa ita ce duk wanda jama'a suka fi tsana shi zai fi biya. A lura da wannan da kyau. Idan aka ce an hana ku taro saboda wasu za su yi fushi, an miƙa makullin filin ga masu fushin ke nan. Aikin hukuma ta tsare mai taron lumana, ta kama mai jifa.

A gida ma ba a bar mu hannu banza ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a sashe na 10, ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, 'yancin taro a sashe na 40, ya kuma hana nuna bambanci a sashe na 42. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979, wadda aka gada daga mulkin soja, ita ce 'yan sanda suka daɗe suna riƙewa suna cewa ba taro sai da izini. Bayan an watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa a watan Satumba 2003, jam'iyyar da wasu 11 suka kai ƙara. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007 cewa neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan an sanar da su taro, aikinsu su ba da tsaro. 'Yan siyasa ne suka kai wannan ƙara, ba ikkilisiya ba, ga shi kuwa kowa yana shan inuwarta. Sai dai kada a ruɗe: hukuncin a kan izinin 'yan sanda yake. Filin sakatariya ko na firamare kadarar hukuma ce, dole a nemi aronsa, kuma a nan ne ganin dama yake ɓuya.

Roƙonmu ga shugabannin ƙananan hukumomi bai da yawa. A rubuta ƙa'idar amfani da fili a manna a allon sanarwa, kuɗin ya zama ɗaya ga kowa tare da rasit, a ajiye rajistar da kowa zai iya dubawa, idan kuma an hana, a ba da dalili a rubuce cikin 'yan kwanaki. Wannan magana ta haɗa da 'yan'uwanmu masu bi da ke riƙe da kujera a inda Musulmi ne 'yan tsiraru. Idan sun zo neman fili domin Idi ko Maulidi, ma'aunin da muke kuka a yi mana da shi a wani gari, shi za a yi musu. A Ayyukan Manzanni sura 19, wanda ya kwantar da tarzomar Afisa magatakardan gari ne, mutumin da ba mai bi ba, kuma abin da ya yi shi ne ya tuna wa taron cewa akwai kotuna, akwai kuma majalisar da doka ta sani.

Ga sakatarorin ikkilisiya kuma, ku tuna da abin da ya ci wa Shurtleff shari'a. Lissafi ne, 284 an ba su, ɗaya an hana, kuma duk yana rubuce. Da baki kawai ya nema, aka hana shi da baki, da ba shi da abin nunawa. Saboda haka a daina aika dattijo ya je ya gaisa ya dawo da alkawari. A rubuta takarda da wuri, a faɗi rana da lokaci da yawan mutane da sunan wanda zai ɗauki nauyin tsari, a kai kwafi biyu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za ku dawo da shi. A aika wa 'yan sanda takardar sanarwa dabam. In an ba ku, ku rubuta. In an hana, ku rubuta, ku kuma lura da waɗanda aka ba filin a wannan watan. Kwafin duka sai a kai wa sakataren shiyya ya ajiye a fayil ɗaya.