Yawon Gurara: A Je A Huta, Amma A Dawo Gida Lafiya

Duk wanda ya taɓa zuwa Gurara a jihar Neja ya san abin da ke jan matasa can. Ka bar titin Suleja zuwa Minna, ka ratsa daji, sai ga ruwa yana zubowa daga duwatsu masu tsayin kusan mita 30, ƙasa kuma ga inda ya kwanta yana kiran mutum ya faɗa. Ba mu ga laifin wannan yawo ba. Matashin da ya san Gurara, ya san Matsirga ta Kafanchan da ruwan Wikki na Yankari, ya san ƙasarsa.

Amma fa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kogi ba kududdufin otal ba ne da aka rubuta zurfinsa a bango. Inda ruwa ke faɗowa yana haƙa rami, yana juyawa a ƙarƙashi, sama kuwa shiru. Duwatsun na da santsi. Da damina, ruwan sama da ya sauka can nesa kan cika kogin nan take, ko da a inda kake rana ta take. Shi ya sa lokacin wanka shi ne rani, wajen Janairu zuwa Maris. Asibiti kuma ba kusa ba.

Babbar matsalar ita ce burga. Aboki ya ce "kai matsoraci ne", sai wanda bai iya iyo ba ya yi tsalle don a ɗauke shi a TikTok. Malam, bidiyon daƙiƙa 30 bai kai hawayen mahaifiyarka ba.

Don haka in za ku je, ku gaya wa na gida inda za ku. Ku tambayi mutanen wurin inda ake shiga da inda ba a shiga, da ɗan gari kan ci gari. In wani ya fara nutsewa, a miƙa masa sanda ko igiya, kada a bi shi ciki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya dawo, ya garzaya asibiti, tsargiya na da magani. Ledoji da robobinku kuma ku kwashe abinku.

Ku ƙirga kanku kafin shiga ruwa, ku ƙirga bayan fitowa. Allah Ya tsare.