Takardar Gwajin Jini Amana Ce a Hannun Dattawa



Ikilisiyoyi da dama a Kudenda, Nasarawa da Kakuri ba sa ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun kawo takardar gwajin jini. Wannan daidai ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna ana haihuwar yara kimanin 150,000 da ciwon sikila a Nijeriya kowace shekara. Idan miji AS ne, matar ma AS ce, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. Haihuwar ɗan fari lafiyayye ba ta rage haɗarin ga na biyu. Jihar Kano ma ta mai da gwajin doka a 2024.

Damuwata ita ce lokacin da muke neman takardar, da abin da muke yi da ita.

Sau da yawa sai an biya sadaki, an sa rana, an ɗinka anko, sannan kwamitin aure ya ce a je asibiti. A lokacin nan kunya da asarar kuɗi sun riga sun rufe kunnen kowa. Wannan ne ke tura wasu neman takardar ƙarya, wasu kuma su koma wata majami'a. Tun ran gini ran zane. Bari Zumuntar Matasa ta koya wa kowa ya san jininsa tun kafin ya fara neman aure. A maimaita gwajin a asibiti na biyu, gama ɗakin gwaji yakan yi kuskure.

Na biyu, sakamakon na mutum biyu ne. Fasto ya gani, ya kira su a keɓe, ya faɗa musu gaskiya duka tare da ma'aikacin lafiya: raɗaɗin ƙashi, ƙarin jini, kwana asibiti, kuɗin magani. Ya ba su lokacin addu'a da tunani. Amma kada maganar ta fita daga taron dattawa ta kai Zumuntar Mata da sunan roƙon addu'a. Yarinyar da aka yi wa tambari a unguwa, wa zai wanke ta? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na uku, masu SS suna zaune tare da mu kowace Lahadi, suna jin yadda muke magana. Ba la'ana ba ce. A Yahaya sura 9, Ubangiji ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa. Da kariya daga zazzaɓin cizon sauro da magunguna irin su hydroxyurea, da yawa suna girma, suna aiki, suna auren masu AA. Ikilisiyar da ta nemi takarda kafin aure, ya kamata ta sa hannu a kuɗin maganin yaran da aka riga aka haifa.

Allah ya ba dattawanmu hikima da riƙon amana. Amin.